Idan Guguwa Ta Tarar da Ƙaramin Jirgi a Tsakiyar Teku, Me Ake Yi?

Tambaya: Ni magidanci ne a Jos. Ɗana na biyu yana karatu a Ingila, kuma shekara biyu ke nan yana koyon tuƙin ƙananan jiragen ruwa waɗanda iska ke turawa. Yanzu wani kyaftin ya gayyace shi su ƙetare tekun Atlantika su huɗu, daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan, cikin jirgi mai tsawon mita 12, a ƙarshen watan Nuwamba. Yana neman izinina, mahaifiyarsa kuwa ta daina barci. Ni dai ruwa mafi girma da na sani shi ne madatsar Lamingo. Idan guguwa ta tarar da su a tsakiyar teku, inda babu tudun da za a gudu, me suke yi? In bar shi ya tafi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma kwantar wa Hajiya da hankali. Na yi karatun aikin jirgin ruwa a Oron, na yi shekaru a manyan jiragen dakon kaya, daga baya na koma kan irin waɗannan ƙananan jirage ina kai wa masu su daga wata tashar zuwa wata, kafin in ajiye aiki in zauna a Abuja, inda yanzu tafkin Jabi ne tekuna. Ba zan ce maka tafiyar ba ta da kasada ba, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sai dai kasadar ba a inda kake hasashe take ba. Jirgi mai mita 12 da aka ƙera domin teku ya fi mutanen da ke cikinsa juriya nesa ba kusa ba, kuma yawancin abin da ke raba masu tsira da masu halaka ana yin sa ne tun guguwar ba ta iso ba, wani tun a tasha, wani sa'o'i kaɗan kafin iska ta ƙarfafa.

Mu fara da lokacin da suka zaɓa, domin shi ya fara kwantar mini da rai da na karanta tambayarka. Daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sent Lusiya da ke Karibiyan kimanin mil 2,700 ne na teku, wajen kilomita 5,000, kuma jirgi irin nasu yakan ci mil 120 zuwa 150 a yini da dare, abin da bai wuce tafiyar mota daga Jos zuwa Abuja ba, saboda haka za su yi kamar mako uku ba su ga tudu ba. Lokacin mahaukaciyar guguwa a wannan teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, shi ya sa gangamin jiragen da ake kira ARC, wanda ake yi duk shekara tun 1986, yake tashi daga Las Palmas a ƙarshen Nuwamba da jirage sama da ɗari. Kai da kake Jos ka fi kowa sanin mafarin waɗannan guguwowi, ko da ba ka san ka sani ba. Hadarin da ke haɗowa daga gabas a damina, ya turo iska mai ƙura kafin ruwa ya sauko, tsaunukan Filato suna cikin wuraren da ake haifar irinsa. Yana tafiya yamma ya ratsa Afirka ta Yamma, ya fita teku ta wajen Sanagal da Gini, kuma a watannin Agusta da Satumba, idan ya tarar da ruwan teku mai ɗumi wajen tsibiran Cape Verde, wani daga ciki yakan girma ya zama guguwar da ake nuna ɓarnarta a Amurka. A ƙarshen Nuwamba damina ta ɗauke, hunturu ya kama, iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tana fasa mana leɓe a nan, 'yar'uwarta ce za ta tura su daga baya har Karibiyan. Na sha ganin jar ƙurar Sahara a jikin igiyoyin jirgi muna ɗaruruwan mil daga gaɓa.

'Yan jirgi suna auna gudun iska da not, wato mil ɗaya na teku a sa'a, kilomita 1.852. Suna kuma amfani da ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, mai hawa daga 0 zuwa 12. Iskar da za su fi samu a wannan hanya tana mataki na 4 zuwa na 6, wadda take tafiyar da jirgi cikin daɗi. Mataki na 8 shi ne not 34 zuwa 40, nan ne ake fara cewa teku ta ɓaci. Mataki na 10 not 48 zuwa 55. Na 12 kuwa daga not 64 zuwa sama. Abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne ƙarfin da iska ke dannawa a kan ƙyalle ba ya hawa daidai da gudunta: idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Filafilan da suke daidai da iskar not 15, wato manyan ƙyallayen da ake ɗagawa a jikin jigon jirgi, idan iska ta kai not 30 sun zama kayan da za su kwantar da jirgi ko su karya jigon.

Saboda haka aiki na farko, wanda ya fi kowanne yawan aukuwa, shi ne rage ƙyalle. Ana sauke wani sashe na babban ƙyallen a ɗaure shi, ana naɗe na goshi, har abin da ya rage bai wuce zanin gado ba idan iska ta yi tsanani. Ka'idar da ake koya wa kowane ɗalibi ita ce a rage shi a daidai lokacin da tunanin ragewar ya fara zuwa zuciya, kuma ni na koyi darajar wannan ka'ida ta hanyar saɓa mata. Wani dare muna kan wannan hanya da ɗanka zai bi, ni ne a kan sitiyari, taurari sun cika sama, jirgi yana gudu lafiya lau da dukkan ƙyallensa. Na waiwaya na ga taurarin da ke bayanmu sun ɓace a wani yanki, kamar an rufe su da baƙin bargo. Na san ma'anar wannan sarai, amma abokin aikina bai yi sa'a ɗaya da kwanciya ba, na ji nauyin tashinsa, na ce a raina wataƙila hadarin ya wuce ta kudu. Sai na ji iska mai sanyi a ƙeyata, sai ƙanshin ruwan sama, sai wata ƙara kamar an zuba gyaɗa cikin mai mai zafi tana tahowa a kan ruwa. Kafin in gama kiran sunansa jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa yana gudu a kan doronsa, sitiyari ya daina jin hannuna, tukunyar shinkafar da muka bari a kan murhu ta yi tsalle ta bugi bangon ɗaki. Abin bai wuce minti ashirin ba taurari suka dawo, amma ƙyallen goshi ya yage tsawon kamu da yawa, muka yi kwana biyu muna ɗinki da allura da zaren roba. Irin wannan hadari na ɗan lokaci shi ne abin da ɗanka zai fi haɗuwa da shi, musamman a kashi na ƙarshe na tafiyar, kuma maganinsa waiwaye da rashin jin kunyar tayar da mai barci. Kyaftin na gari yakan rage ƙyalle da magariba ko da sama garau take.

Yanzu ga asalin tambayarka, wato babbar guguwa mai kwana ɗaya ko biyu tana kaɗawa. A nan zan riƙa cewa raƙuman ruwa maimakon igiyar ruwa da aka saba ji a rediyo, domin igiyoyin ɗauri suna da yawa a wannan bayani. Iska ita kaɗai da wuya ta nutsar da irin wannan jirgi. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan reshe na ƙarfe ko dalma da ake kira kil, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin gaba ɗaya, kuma duk yadda iska ta kwantar da shi wannan nauyi yana jawo shi ya miƙe. Tsayin raƙumin ruwa ma ba shi ne abin tsoro ba. Na hau raƙuman da suka kai gidan sama mai hawa biyu, masu faɗin doro, jirgi ya hau ya sauka kamar agwagwa. Abin da ke kifar da jirgi shi ne raƙumin da ya yi tsini har kansa ya karye ya zubo, tan-tan na ruwa suna gangarowa da farin kumfa. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Southampton bayan 1979 sun nuna cewa idan irin wannan mai karyewa ya daki jirgi a gefe, tsayinsa kuma ya zarce faɗin jirgin, yana iya mirgina shi. Faɗin jirgin su ɗanka bai wuce mita huɗu ba. Ka ga ke nan duk dabarun da zan ambata manufarsu ɗaya ce: kada jirgi ya ba wa raƙumi mai karyewa haƙarƙarinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da alƙaluman hasashe. Idan aka ce tsayin raƙuman ruwa mita biyar ne, ana nufin matsakaicin kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi, kuma cikin sa'o'i da dama ana iya samun guda ɗaya da ya kusan ninka wannan. Ranar 1 ga Janairu 1995 na'urar wani dandalin bututun iskar gas mai suna Draupner a Tekun Arewa ta auna guda ɗaya mai kusan mita 26, alhali na kewaye da shi suna wajen mita 12. Kafin wannan rana masana da yawa suna ɗaukar labarin irin waɗannan raƙuma a matsayin ƙarin gishirin matuƙa.

Dabarar da na fi so, wadda kuma nake ganin duk wanda bai iya ta ba bai isa ya ɗauki 'ya'yan mutane zuwa teku ba, ita ce wadda Turawa ke kira hif-tu, ni kuwa nake kiranta durƙusar da jirgi, domin ta yi kama da yadda ayari ke durƙusar da dabbobinsu idan guguwar rairayi ta taso. Ana rage babban ƙyalle zuwa ƙaraminsa, a juya goshin jirgi ya ratsa iska ba tare da an saki igiyar ƙyallen goshi ba, sai iska ta cika wannan ƙyalle ta bai-bai tana ture goshin, a kuma ɗaure sitiyari ta yadda yake ƙoƙarin mayar da goshin wajen iska. Ƙarfin biyu sai su riƙe juna, jirgi ya tsaya a karkace yana fuskantar raƙuman da kafaɗarsa, yana zamewa a hankali da gudun not ɗaya ko biyu. Zamewar tana barin wani shafaffen ruwa mai santsi a ɓangaren da iska ke fitowa, wanda yake rage wa raƙuman kaifi kafin su iso. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda da bambancin ba. Minti biyar da suka wuce ana riƙe da ƙarfe da hannu biyu, ruwa yana marin fuska, ba a jin maganar juna. Yanzu ana iya sauka ɗaki a dafa shayi, a sauya rigar da ta jiƙe, mutum biyu su yi barci. Iyakarta ita ce idan raƙuman suka fara karyewa da girma sosai ba ta isa ba, kuma jiragen zamani marasa nauyi masu siririn kil ba duka suke durƙusawa da kyau ba, dole kyaftin ya gwada nasa tun ranar da teku take kwance.

Idan abin ya wuce nan sai a juya wa guguwa baya a gudu tare da ita, da ɗan ƙaramin ƙyalle a goshi ko babu ƙyalle sam, domin jigo da igiyoyi kaɗai sun isa iska ta tura jirgi. Gudun yana rage ƙarfin dukan, amma yana da tasa fitinar. Jirgi yakan gangaro daga kan raƙumi kamar tirelar da birkinta ya tsinke a gangaren Hawan Kibo, kuma idan matuƙi ya yi kuskure kaɗan sai bayan jirgin ya zame ya juyo gefe, daidai abin da ake gudu, ko goshin ya nutse cikin raƙumin da ke gaba jirgi ya yi adungure. Wannan tuƙi yana cin hankali ƙwarai, ƙwararre ma da wuya ya yi fiye da sa'a ɗaya bai fara kuskure ba, ga duhu, ga sanyi. Mutum huɗu, wataƙila biyu daga ciki suna kwance da amai, ba za su iya shi kwana biyu ba.

Wannan ne ya sa ake ɗaukar birkin ruwa. Nau'in da na fi amincewa da shi wani injiniyan jiragen sama Ba'amurke mai suna Donald Jordan ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, tare da dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka: doguwar igiya ce da aka jera wa ƙananan mazurarai na ƙyalle sama da ɗari, da nauyi a ƙarshenta, ana sakinta ta bayan jirgi. Duk lokacin da raƙumi ya so ya wurga jirgin gaba, mazuraran sai su cika da ruwa su riƙe shi, bayansa yana fuskantar raƙuman, ba a kuma bukatar kowa a kan sitiyari. Mutane su shiga ciki su kulle ƙofa. Jawo ta bayan guguwa ta lafa aiki ne mai karya baya, kuma wuraren da ake ɗaura ta a jikin jirgi dole su kasance masu ƙarfin gaske, amma waɗannan ƙananan koke ne. Akwai kuma masu sauke komai su bar jirgi ya yi yadda ya ga dama. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan idan raƙuman suna karyewa, domin jirgin da aka sake kusan kullum gefe yake juyawa.

Ka ce babu tudun da za a gudu, kana ganin wannan ne babbar matsala. A wajen matuƙi kuwa, Alhaji, rashin tudu rahama ce. Duk dabarun nan suna bukatar fili, domin jirgin da ya durƙusa ko yake jan birki yana iya zamewa mil hamsin ko fiye a kwana ɗaya, kuma idan akwai gaɓa a inda iska ke tura shi, duwatsu ne za su karɓe shi. Ga shi kuma raƙuman ruwa sun fi tsini inda teku ta rage zurfi, kamar mashigin Biske tsakanin Faransa da Sifen, inda ƙasan teku ke tasowa daga zurfin mita 4,000 zuwa ƙasa da 200, da kuma inda iska ke karo da kwararar ruwa, kamar kwararar Agulhas a gaɓar Afirka ta Kudu, wadda take lalata har manyan jiragen dakon mai. Jirage da yawa sun halaka ne a bakin tasha, saboda mutanen ciki sun gaji sun ƙagu su taka ƙasa, alhali da sun juya sun koma cikin teku sun kwana da sun wayi gari lafiya.

Darasin da ya sauya wannan sana'a ya faru ne a watan Agusta 1979, a gasar Fastnet, wadda a lokacin ake tashi daga kudancin Ingila a zagayo wani dutse a kudancin Ailan a dawo. Jirage 303 suka tashi, guguwa mai mataki na 10 ta same su cikin dare, 'yan gasa 15 suka rasu. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: jirage 24 mutanensu suka gudu suka bari, amma biyar kacal suka nutse, sauran 19 an same su daga baya suna shawagi. Wasu daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun bar jirgin da bai nutse ba sun shiga kwalekwalen roba na ceto, wanda raƙuman suka yi ta kifarwa ko suka yayyaga. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma mutumin da jirgi ya mirgina da shi cikin duhu, batir da gwangwanaye suna yawo a kansa, ruwa ya kai masa gwiwa, zuciyarsa ba abin da take faɗa masa sai ya fita. Tun daga lokacin ake koyar da cewa ba a shiga kwalekwalen ceto sai jirgi ya nutse har ya zama hawa za a yi zuwa cikinsa, in ba gobara ce ta kori mutane ba. A Disamba 1998 aka sake ganin irin wannan a gasar Sidni zuwa Hobat a Ostireliya, inda jirage 115 suka tashi, 44 suka kai, mutum shida suka rasu, aka ceto 55. Duka biyun gasa ce, inda ake tashi ranar da aka sa ko yaya sama take, a kuma tekuna masu sanyi da suka fi hanyar ɗanka mugunta.

Idan ka tambaye ni abin da na fi ji wa matashi tsoro a wannan tafiya, faɗawa ruwa ne, kuma yakan faru ne ba a cikin guguwa ba, a daren da komai yake lafiya mutum ya saki jiki ya je gefe yin fitsari. Kan mutum a cikin raƙuman ruwa bai fi ƙwallon goruba ba, jirgi mai gudun not shida yana yin nisan mita 180 cikin minti ɗaya, kuma juyo shi yana cin lokaci. Don haka kowa yana sa rigar ceto mai ɗamara, da gajeriyar igiya mai ƙugiya da ake maƙalawa a jikin jirgi tun kafin a fito daga ɗaki, da dare ko da rana idan teku ta ɓaci. Ka sa ya yi maka alkawari a kan wannan musamman, domin matasa suna jin kunyar a gan su a ɗaure alhali manya ba su ɗaura ba. Bayan wannan sai gajiya. Jiri da amai suna kama kusan kowa a kwana biyu ko uku na farko, mai amai ba ya ci ba ya sha, wanda bai ci ba kuwa sanyi yana saurin kama shi, tunaninsa ya dushe. Jirgin da aka tsara da kyau yana da jadawalin gadi na sa'a uku ko huɗu wanda ba a wasa da shi, ana dafa abinci a zuba a kula tun ana hango ɓacin yanayi, ana ɗaure duk abin da zai iya tashi, a rufe kowace taga. Ruwan sha ana auna shi da lita, saboda haka ya san da cewa alwala da ruwan teku zai riƙa yi, wanda malamai suka tabbatar mai tsarki ne.

Zamani ya kawo sauƙin da mu ba mu samu ba a farkon aikinmu. Yanzu ana sauko da taswirar hasashen iska ta tauraron ɗan'adam kullum, kuma hasashen kwana uku zuwa huɗu abin dogaro ne ƙwarai. Jirgi mai not shida ba ya tsere wa guguwa idan ta riga ta iso, amma idan an hango ta da kwana uku yana iya kaucewa da mil ɗari uku ko huɗu, wanda sau da yawa shi ne bambancin mataki na 9 da na 6. Duk da haka ina son in ga baromita a bango, wato ma'aunin nauyin iska, ana rubuta abin da ta nuna cikin littafin jirgi duk sa'a ko duk sauyin gadi, domin ba ta bukatar intanet, kuma faɗuwarta da sauri gargaɗi ne da bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Game da ceto, gara in gaya maka gaskiya. Kowane jirgi mai irin wannan tafiya dole ya ɗauki na'urar kiran agaji da ake kira EPIRB, wadda take aika lambar jirgi da inda yake ta tsarin taurarin ɗan'adam na ceto mai suna Cospas-Sarsat, tsarin da Nijeriya ma take ciki, da cibiyarta a nan Abuja ƙarƙashin hukumar NEMA. Saƙon yana isa cikin mintuna. Agajin ne ba ya isa da wuri, domin jirgi mai saukar ungulu ba ya wuce mil ɗari biyu ko uku daga gaɓa, bayan nan sai dai a nemi jirgin dakon kaya mafi kusa, wanda dokar teku ta wajabta masa ya karkata, kuma yana iya ɗaukar kwana guda ko fiye. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan babban jirgi ina kallon ƙaramin jirgi a ƙasa yana hawa da sauka mita da yawa a jikin bangon ƙarfe, mutane suna jiran daidai lokacin da za su kama tsanin igiya, kuma na san wannan hawan kansa yana cikin mafi haɗarin abin da za su fuskanta. Tafiya tare da gangamin jirage tana da amfani a nan, domin akan samu wani ɗan'uwan jirgi a nisan sa'o'i kaɗan.

Shawarata ita ce kada ka yanke hukunci a kan teku, ka yanke shi a kan kyaftin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi ɗanka ya haɗa ku a waya, ka tambaye shi sau nawa ya ƙetare teku yana shugaban jirgi, yaushe aka duba wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigo, yaushe aka kai kwalekwalen ceto wajen masu duba shi, ko ya taɓa durƙusar da wannan jirgin da kansa, me kuma ya tanada idan sitiyari ya karye, domin lalacewar sitiyari tana cikin abubuwan da suka fi sa a bar jirage a wannan hanya. Ba sai ka fahimci kowace amsa ba. Kai magidanci ne, ka san muryar mutumin da ya taɓa zama ya yi tunanin abu da muryar wanda tambayar ta zo masa ba shiri. Ka kuma tambaye shi me zai yi idan ranar tashi ta zo hasashe bai yi kyau ba, alhali wani cikinsu ya riga ya sayi tikitin jirgin sama na dawowa. Idan ya ce zai jira ko mako guda ne, ya kuma yarda ɗanka ya yi tafiyar gwaji ta kwana biyu ko uku da su kafin babbar, ni da ɗana ne zan sa masa albarka in bar shi ya tafi. Idan ya yi dariya ya ce babu abin da zai faru, to ka hana.

In sun tafi, yawancin jirage suna ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke a taswira, ana gani a waya, kuma na san Hajiya za ta riƙa dubawa bayan kowace salla. A gaya mata tun yanzu cewa ɗigon yakan yi sa'o'i bai motsa ba saboda batir ko saƙon da bai fita ba, yakan karkata kudu sosai a kwanakin farko kamar sun ɓace hanya alhali iskar da ta fi daidaito suke nema wajen Cape Verde, kuma idan ta ga gudunsu ya sauko zuwa not ɗaya ko biyu na tsawon dare, mafi yawan lokuta ko dai iska ce ta ɗauke, ko sun durƙusar da jirgi suna barci.